Tarihi a Bakin Mawaƙi: Kirari ne ko Ma'auni?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya ɗauki kwas ɗin rubutacciyar waƙa ya san sunan Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi da ya rasu a 1958. Amma da yawanmu muna haddace baitocinsa ne saboda jarrabawa, ba mu tsaya mun tambayi me ya sa yake komawa tarihi idan zai yi wa mutanen zamaninsa magana ba.

Mu ɗauki waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", wadda ya rubuta wajen 1950, lokacin da ake ta muhawara kan sabon tsarin mulkin Nijeriya. A ciki ya tuna wa sarakuna da talakawa gadon masu jihadi, musamman Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Wannan zaɓi yana da ma'ana. Shehu Abdullahi yana cikin jagororin jihadin 1804, amma da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu mabiya, sai ya bar su da niyyar zuwa Makka. A Kano aka tsayar da shi, ya rubuta Liya'ul Hukkami don koya wa masu mulki yadda ake adalci. Ke nan Zungur ya ɗauko mutumin da ya iya faɗa wa nasa gaskiya.

A ganina, nan ne ƙarfin waƙar kishin ƙasa yake. Mawaƙin kirki yana sa tarihi ya zama ma'auni: ga abin da kakanninku suka tsaya a kai, ku ina kuka tsaya? Mai sauraro ya ji kunya, kunyar ta tashe shi neman ilimi da sa baki a harkar mulki. Shi kansa Zungur bai tsaya ga alƙalami ba. Tun farkon shekarun 1940 yake zaman tattauna al'amuran jama'a a Bauchi tare da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya kuma ya zama jigo a NEPU.

Wani zai ce ai waƙar cike take da tsoron kada Kudu ta danne Arewa, to ina kishin Nijeriya a nan? Gaskiya ne, kuma mu da muke karatun Hausa nesa da ƙasar Hausa mun fi kowa jin wannan. Sai dai kaifin waƙar ya fi komawa gida, kan jahilci da zalunci da sakaci. Wannan darasi kuwa ya shafi kowace ƙabila.

Yau idan zaɓe ya matso, sai ka ji mawaƙa suna jero sunayen mazan jiya don wanke ɗan takara. Mu da za mu zama malamai da manazarta, mu riƙa tambaya: wannan tarihin da aka ambato, aiki yake nema a wurinmu, ko tafi kawai?