Dauriya Ba Ta Buɗe Jijiya

Daga Boɗinga zuwa Shagari ana yabon macen da ta haihu ba a ji kukanta ba, kuma uwa kan tarbiyyantar da 'yarta a kan cewa kunya da dauriya su ne adon mace. Ba ni da ja da wannan a cikin gida. Wanda nake ja da shi shi ne ma'aikacin lafiyar da ke fakewa da wannan shiru don ya rage wa kansa aiki, musamman a ɗakin da ake zura siririn bututu zuwa jijiyoyin zuciya.

A da, ta tushen cinya ake shigar da bututun. A 1989 Lucien Campeau, likita a Montreal ta Kanada, ya nuna cewa ana iya bi ta jijiyar wuyan hannu, wadda ake taɓawa a ji bugun zuciya. Hanyar ta karɓu domin zubar jini ya fi ƙaranci, kuma majinyaci kan tashi ya taka a ranar. Sai dai wannan jijiya tana da hali. Faɗinta bai cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba, bangonta cike yake da tsoka, kuma tsokar tana amsa kiran sinadaran firgici nan take. Da ta ji zafi ko tsoro sai ta tsuke ta damƙe bututun, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Idan aka fizge shi da ƙarfi, jijiyar na iya yagewa.

Waɗanda abin ya fi samu sanannu ne: mata, masu ƙaramin jiki da siririyar jijiya, wanda aka soka sau da yawa kafin a dace, wanda aka yi ta canza masa bututu, da wanda ya shiga a firgice. Yanzu a kwatanta mace siririya daga wani ƙauyen Shagari, wadda aka turo daga asibiti zuwa asibiti, aka miƙa wa mijinta takardar amincewa da Turanci ya sa hannu, aka kwantar da ita a ɗaki mai sanyi tsakanin baƙin maza. Rabin jerin nan ya hau kanta tun ba a taɓa ta ba. Ba za ta ce uffan ba. Hannunta ne zai yi magana, shi ma sai bututu ya maƙale.

Maganin kuma ba sirri ba ne. Ana kashe zafin fata da lidocaine, a zuba nitroglycerin ko verapamil cikin jijiyar don ta saki, a zaɓi bututu mafi siranta mai santsin baya, a ba da ɗan midazolam da fentanyl don hankali ya kwanta. In ta tsuke duk da haka, a dakata, a ɗumama hannun, in ya ƙi a koma ɗayan hannun ko cinya.

Za a ce magunguna na da tsada, ma'aikata kuma sun yi kaɗan. Na yarda. Amma nawa ne kuɗin minti 5 da ma'aikaciyar jinya za ta zauna ta gaya mata da Hausa ko Fillanci inda za a soka, abin da za ta ji, da cewa faɗin "hannuna yana zafi" ba rashin kunya ba ne, labari ne da likita ke buƙata? "Ki yi haƙuri, Hajiya" da ake jefa mata daga bayan labule bai taɓa sassauta tsokar kowa ba.