Jiran Gawon Shanu: Masu Neman Digiri na Uku a Faransanci daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Neman gurbin digiri na uku aiki ne mai hawa biyu. Hawa na farko na ɗalibi ne: ya tsara daftarin bincike, ya tattara takardun sakamakonsa, ya nemi malamai su rubuta masa shaida, ya biya kuɗin fom. Hawa na biyu na jami'a ne, wato ta duba ta ba da amsa. An yi wa na farko wa'adi mai tsauri, wanda ya makara da kwana ɗaya ya rasa. Na biyu kuwa sau da yawa ba shi da ranar ƙarewa. Wannan rashin wa'adi ba ya cutar da masu nema daidai wa daida. Ya fi gallabar waɗanda suka fito daga yankuna irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina, kuma idan fagen da suke nema Faransanci ne, asarar tana komawa kan nazarin Hausa kansa.

Dalilin da ya sa manazarcin Hausa zai damu da makomar ɗalibin Faransanci a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa bin sawun tarihin Katsina. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe na Katsina sun ƙaura arewa suka kafa Maraɗi. Da Turawa suka shata iyaka, Maraɗi da Damagaram da Adar suka faɗa hannun Faransa, aka kuma rubuta da yawa daga cikin abin da aka rubuta a kansu da Faransanci. Maurice Delafosse ya fitar da littafin koyon Hausa a 1901. Ayarin Tilho, wanda ya yi aikin iyaka daga 1906 zuwa 1909, ya tattara labaran masarautun yankin. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, Djibo Hamani ya yi na Adar a 1975, shekarar da Guy Nicolas ya wallafa babban nazarinsa kan al'ummar Hausa ta kwarin Maraɗi. Emmanuel Grégoire ya yi littafi kan alhazan Maraɗi a 1986, Bernard Caron kuma ya siffanta Hausar Adar a 1991. Ɗalibin sashen Hausa a Nijeriya yakan ci karo da waɗannan sunaye, amma kaɗan ne ke iya karanta ayyukan. Sai a wayi gari ana rubuta kundi kan karin harshen Katsinanci ko kan bori, alhali wani babban kaso na hujjojin yana kulle a harshen da mai binciken ba ya ji.

Wanda ya fi cancanta ya buɗe wannan taska shi ne Bahaushen da ya sha Hausa a nono, sannan ya ƙware a Faransanci har matakin bincike. Irinsa ba su da yawa. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2004 ta wajabta koyar da shi a firamare da ƙaramar sakandare. Sai dai doka ba ta shiga aji ta riƙe alli. A makarantun karkara malamin Faransanci baƙon ido ne. Yaron da ya taso a Faskari ya zaɓi wannan fage, ya yi digiri na farko, ya je Ƙauyen Faransanci na Badagiri da aka kafa a 1991 don zaman gogewa da harshen, ya dawo ya yi digiri na biyu, ya riga ya tsallake siraɗi da dama kafin ya kai ga cike fom na uku.

Hanyoyin da ke gabansa uku ne, kuma kowace da irin nata jiran. Ta farko ita ce jami'o'in gida, irin su Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake koyar da Faransanci tun da daɗewa. A nan kalandar karatu ce ke hukunci, ita kuwa ba ta da tabbas: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma kowane irin wannan tsaiko yana tura zangon ɗaukar ɗalibai gaba. Ta biyu ita ce Faransa, inda ba a shiga makarantar digiri na uku sai wani malami mai izinin jagorancin bincike ya amince da batun tukuna. Ke nan jiran yana farawa tun daga wasiƙar farko da aka aika wa farfesan da bai san mai aikowa ba, kafin a zo ga neman kwantaragin karatu na shekara uku, da jarrabawar shaidar ƙwarewa a harshe, da biza. Ta uku ita ce Nijar, mai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da ta Ɗan Dikko Ɗan Kolodo a Maraɗi. Tana kusa a taswira, amma rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya kai har Maris na 2024 ta ɓangaren Nijeriya, ya nuna cewa kusancin ƙasa ba ya hana nisan siyasa.

Dukkan hanyoyin nan uku sun ginu a kan zaton cewa mai nema yana zaune kusa da intanet, yana leƙa akwatin saƙonsa safe da yamma. Tarihin yankin na baya-bayan nan ya ƙaryata wannan zato. A ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni babu kira babu saƙo. A irin wannan hali, wasiƙar da ta ce a amsa tayin gurbi cikin mako biyu, ko a hallara ganawa ta bidiyo jibi, daidai take da wasiƙar ƙi. Ko a lokacin da layi ke aiki, tafiya zuwa Funtuwa ko Zariya don tabbatar da ko suna ya fito a allo kasada ce ta dukiya da rai.

Jiran yana da tsadar da ba a rubutawa a fom. Mai nema yawanci malamin makaranta ne mai iyali. Bai san ko ya nemi hutun karatu ba, bai san ko ya yi noman bana sosai ko ya taƙaita ba, bai san ko ya sayar da hatsi ya tanadi kuɗin rajista ba. Harshe kuma ba ya zama wuri ɗaya: Faransancin da ba a magana da shi kullum dusashewa yake yi. Hanyar tallafi ma ta ƙuntata, domin asusun TETFund na ma'aikatan manyan makarantu ne kawai, kuma ya dakatar da ɗaukar nauyin karatu a ƙasashen waje daga farkon 2025. Wanda ya shekara bai ji eh ko a'a ba yakan haƙura, ya koma kasuwa ko ya sauya fage. Ba a ƙi shi ba, ba a kuma karɓe shi ba, shirun ne ya kore shi.

Jami'o'i suna da uzuri, kuma ba na banza ba ne. Malaman da suka isa jagorancin digiri na uku a Faransanci ba su da yawa a Arewa, kowannensu kuma yana ɗauke da kaya fiye da ƙima. Tsaron hanya ba aikin jami'a ba ne. Akwai ma masu cewa tauraron Faransanci ya fara disashewa a Sahel, tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen a Maris na 2025, ta kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma dokar da ta ɗaukaka Hausa ita ce ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ɗaukakar Hausa a Nijar tana nufin ƙarin buƙatar masu juya dokoki da littattafan makaranta da kundayen tarihi daga Faransanci zuwa Hausa. Ƙarancin jagorori kuwa dalili ne na a ce a'a da wuri, ba na yin gum ba.

Gyaran da ake buƙata ba ya cin kuɗi mai yawa. Makarantar karatun gaba da digiri ta bayyana ranar fitar da sakamako a jikin sanarwar da ta bayyana ranar rufe fom, ta kuma cika alkawari. Kowane mai nema ya sami amsa, har da wanda ba a ɗauka ba, tare da dalili ko da a layi biyu ne, don ya san abin da zai gyara. A haɗa saƙon intanet da saƙon waya da lambar wani makusanci a birni, a kuma tsawaita wa'adin karɓar gurbi ga mazauna yankunan da ke fama da matsalar tsaro. Sassan Hausa suna da nasu rabon aikin: su buɗe ƙofar jagorancin haɗin gwiwa da sassan Faransanci, ta yadda kundi kan Hausar Adar ko waƙoƙin Damagaram zai sami malamai biyu, nauyi ya ragu a kan kowa. Su kuma amince da fassara mai sharhi ta ɗaya daga cikin manyan ayyukan da aka ambata a matsayin ginshiƙin bincike.

Ana yawan yi wa mai jira nasiha da cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne, amma haƙuri yana da daɗin yi ne idan an san ranar sauke tukunya. Matashin Sabuwa da ya kai ga rubuta daftarin bincike da Faransanci ya riga ya biya nasa kason na haƙuri. Abin da ya rage bashi ne a wuyan jami'a, kuma manazarta Hausa suna cikin waɗanda za su ci moriyar biyansa.