A Bar Mai In'ina Ya Ƙarasa Maganarsa



A wannan makon ina so mu yi magana a kan 'yan uwanmu masu in'ina. Da wuya ka sami makarantar da babu su. Malam zai yi tambaya, sun san amsa sarai, amma ba za su ɗaga hannu ba, domin sun san da zarar kalma ta maƙale musu aji zai fashe da dariya. Idan an fita tara kuma a riƙa kwaikwayonsu. A ganina wannan zalunci ne, kuma gyaran yana hannunmu mu masu saurare.

Masana sun ce in'ina takan fara ne tun yaro yana tsakanin shekara 2 zuwa 5. Cikin yara 100, kusan 5 sukan yi ta na wani lokaci, yawancinsu kuma ta bar su. A cikin manya, kusan mutum 1 cikin 100 ne yake da ita, kuma ta fi yawa a maza. Sau da yawa gado ce. Ba ta da alaƙa da daƙiƙanci, kuma ba a ɗaukarta don an zauna benci ɗaya da mai ita.

Wani zai ce, ai idan ana rera taken ƙasa ko ana karatun haɗa baki ba ya yin in'inar, ashe da gangan yake yi. A'a. Sanannen abu ne cewa yawancin masu in'ina bakinsu yakan saki idan suna waƙa ko suna karatu tare da jama'a. Wasu kuma suna cewa mai in'ina ya cika zuciya. To, kai da za a riƙa katse ka kullum, ana ƙarasa maka magana da abin da ba shi kake nufi ba, ba za ka yi fushi ba?

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne akwai waɗanda suka yi karatu musamman a kan matsalolin magana da ji. Akwai ƙwararrun gyaran magana, masu koya wa mutum yadda zai fara kalma a hankali, ya daidaita numfashinsa, ya rage tsoron magana a gaban mutane. Suna taimaka wa masu tsamin baki da yaran da suka yi jinkirin fara magana. Akwai kuma masu auna ji, domin yaron da ba ya ji sosai ba zai iya furta kalmomi daidai ba. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, sannan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro.

Taimakonsu yana aiki. Sarkin Ingila George na 6, mahaifin Sarauniya Elizabeth ta 2, mai in'ina ne. Tun 1926 ya fara zuwa wurin wani mai gyaran magana ɗan Ostareliya mai suna Lionel Logue. A 1939 shi ya yi wa mutanensa jawabi ta rediyo ranar da ƙasarsa ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu.

Don haka ga roƙona. Mu ɗalibai, idan mai in'ina yana magana mu dube shi mu jira, kada mu ƙarasa masa, kada mu ce “yi sauri mana”. Malamanmu, don Allah ku ba shi lokaci idan zai yi karatu, ku tsawata wa masu dariya, kuma kada a rage masa maki a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Idan kun lura ɗalibi yana shan wahalar magana ko ji, ku shawarci iyayensa su kai shi asibiti.

Ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai a kan in'ina ta duniya. Muna roƙon shugaban makaranta ya ba ƙungiyarmu minti 5 a taron safe na wannan rana. Idan akwai mai in'inar da yake so ya yi jawabin da kansa, mu ba shi dama, mu saurare shi har ya kai aya. Ai sannu ba ta hana zuwa.

Daga 'yar uwarku ta aji biyu, ƙaramar sakandare.