Gyara kayanka, Allah gafarta Malam

A makarantunmu, tun daga zaure har jami'a, mun ɗauki girmama malami da yin shiru a gabansa mun mai da su abu guda. Ɗalibin da ya ga kuskure a lissafin da aka rubuta a allo ya haɗiye, shi ake kira mai tarbiyya. Wanda ya ɗaga hannu ya ce akwai gyara, sai a ce ya fara jin kansa. A ganina na farkon ya ci amanar malaminsa, domin ya bar shi zai maimaita kuskuren a gaban aji na gaba. Na biyun ne ya san darajarsa.

Ina rubuta wannan ne daga Outoul, wani ƙauye a bakin kwari, kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da Tamanrasset a kudancin Aljeriya, inda na zo wurin ƙanena da ke aikin gini. Ba gari ba ne da za a ce a taso a zo gani. Abin da yake da shi babbar hanya ce, kwaltar da ta taso daga bakin tekun arewa ta ratsa In Salah, ta biyo ta nan, ta gangara In Guezzam, sannan ta faɗa Nijar ta Assamaka zuwa Arlit da Agadas. Wanda ya yi arewa har In Salah ya karkata yamma zai isa Tuwat, inda kabarin Shehu Magili yake. Wanda ya yi kudu zai isa Agadas, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi zaman ɗaukar karatu gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Duk wanda ke cewa musu da malami ɗabi'ar 'yan boko ce, bai karanta tarihin waɗannan mutane ba.

Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili mutumin Tilimsan ne. Kanawa sun san shi, shi ne ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. Ya zauna Katsina, ya je Gao wurin Askiya Muhammadu. A zamaninsa babu malamin da sunansa ya kai na Jalaluddini Suyuɗi na Alƙahira, wanda wasiƙarsa ta nasiha ta iso har ga sarakunan Katsina da Agadas. To, Suyuɗi ya yi fatawa cewa shagaltuwa da ilimin manɗiƙi haramun ne, domin asalinsa daga Yunanawa yake. Magili kuwa manɗiƙi fanninsa ne, har littattafai ya wallafa a kai. Sai ya tsara baitoci ya aika Masar. Hujjarsa ita ce manɗiƙi ma'auni ne na gane ingantacciyar hujja daga gurguwa, kuma gaskiya da kanta ake auna ta, ba da wanda ya fara faɗinta ba. Suyuɗi ya mayar da amsa da baitoci shi ma. Bai janye ko taku ɗaya ba, ya kawo nasa dalilai, amma ya rufe da yi wa Magili sallama da amincewa da falalarsa. Ahmad Baba na Timbuktu ya adana waƙoƙin biyu a cikin Nailul Ibtihaj, shi ya sa har yau ɗalibi zai iya karanta su ya yi nasa hukunci. Kowa ya tsaya kan bakansa, ba wanda ya kafirta wani, ba wanda ya tono asalin wani.

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Magilin nan dai ya yi wani saɓanin a Tuwat da alƙalin yankin, Abdullahi Al'asnuni, kan wurin ibadar Yahudawan Tamantit. An aika neman fatawa Fas da Tilimsan da Tunis, malamai suka rabu biyu. A wannan karon maganar ba ta tsaya a takarda ba. An rushe ginin, an zubar da jini, daga baya aka kashe ɗan Magili shi kansa. Magili mutum ɗaya ne a rigingimun biyu, iliminsa ɗaya ne. Bambancin shi ne a rigimar manɗiƙi ya tunkari abokin jayayyarsa da hujja, a ta Tamantit kuwa ya juya ga jama'ar gari ya tara su. Masu yin raddi a Facebook da TikTok su lura da wannan, domin mafi yawansu ba da wanda suke wa raddin suke magana ba, da mabiya suke.

Misalin da ya fi kama ni shi ne na Shehu Usmanu, domin shi da malaminsa na ƙut da ƙut ya saɓa. Ya bi Malam Jibrilu har Agadas ya zauna da shi kamar shekara guda, kuma da iyaye sun ba da izini da tare za su wuce Hajji. Har ƙarshen rayuwarsa Shehu yana ambaton Jibrilu a matsayin wanda ya fara tashi tsaye kan miyagun al'adu a ƙasashen nan. Amma Malam Jibrilu yana da wani ra'ayi mai tsauri, cewa Musulmin da ya dulmuya cikin manyan zunubai, irin su auren mata fiye da huɗu ko cin dukiyar marayu, ya fita daga Musulunci. Shehu ya ga wannan ba tafarkin Ahlus Sunna ba ne, mai saɓo fasiƙi ne amma ba kafiri ba. Da a ce irin ladabin da muke koyarwa yau yake bi, da ya yi shiru, ko ya ce ai Malam ya fi mu sani. Shi kuwa ya ɗauki alƙalami. Ya tattauna mas'alar a cikin Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, ya kuma keɓe mata littafi sukutum, Shifa'ul Galil, ya kawo maganar malaminsa yadda take, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya warware. Sannan ya nema masa uzuri, ya ce tsananin kishin al'umma ne ya kai shi ga wannan tsauri.

A duba abin da ke cikin wannan aiki. Ya ambaci malamin da sunansa, bai yi habaici ba. Ya kawo hujjarsa cikakkiya kafin ya rushe ta. Ya ware kuskuren daga mutumin. Kuma bai yi haka don neman suna ba, sai don mas'alar tana da haɗari: idan aka bar fatawar ta yaɗu da sunan babban malami, jinin Musulmi da dukiyarsu za su halatta a hannun duk wani matashi mai zafin kai. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare shekaru masu yawa, kuma na ga yadda ake kashe wannan hali tun yana tsiro. Wani tsohon ɗalibina, yana karatun digiri na biyu a wata jami'a, ya lura cewa alƙaluman da ke cikin wata maƙala ta malamin da ke duba kundinsa ba su dace da abin da shi ya auna a ɗakin gwaji ba. Ya same shi a ofis, su biyu kaɗai, ya nuna masa cikin girmamawa. Daga ranar kundinsa ya shige ƙarƙashin tarin takardu. Abokan karatunsa suka gama suka tafi, shi yana sintiri. Darasin da sauran ɗaliban sashen suka ɗauka a fili yake: in awonka ya saɓa da na Farfesa, gyara awon. Ɗakin gwajin da aka koyi wannan darasi a cikinsa ya daina yin kimiyya, ko da kuwa an cika shi da na'urorin miliyoyin nairori.

Daga nan Outoul, in ka dubi arewa maso gabas, duwatsun Ahaggar ne. A cikinsu akwai Assekrem, tsauni mai tsawon fiye da mita 2,700, inda hukumar hasashen yanayi ta Aljeriya take da tashar auna iska, ɗaya daga cikin tashoshin da ke cikin tsarin sa ido na hukumar yanayi ta duniya. Tun tsakiyar shekarun 1990 ake cika kwalabe da iskar wurin a aika da su Boulder da ke jihar Kolorado a Amurka, a auna yawan iskar kabon da ke ɗumama duniya. Wannan irin awo na yau da gobe shi ma daga saɓanin yaro da ubangidansa ya samo asali. Roger Revelle, shugaban cibiyar Scripps ta binciken teku a Kalifoniya, shi ya ɗauki Charles David Keeling aiki a 1956. Revelle yana ganin a zagaya duniya da jiragen ruwa da na sama a ɗebi iska sau ɗaya, bayan shekara goma ko ashirin a sake, sai a kwatanta. Keeling, wanda bai cika shekara 30 ba, ya dage cewa a kafa na'ura mai tsananin daidaito wuri guda tana awo ba dare ba rana. Revelle bai gamsu nan take ba, amma bai taka shi ba. A watan Maris na 1958 aka fara awo a kan dutsen Mauna Loa a Hawaii. Cikin shekara biyu sakamako ya nuna iskar tana hawa da sauka da juyawar damina da rani, kuma kowace shekara tana ƙaruwa. A lokacin kimanin kashi 315 ne cikin miliyan, yau ta haura 420. Da Revelle irin Farfesan ɗalibina ne, da wannan ma'auni ya makara da shekaru.

Akwai wani ɓangare na matsalar da ba a cika kawowa ba, kuma shi na fi sani da jikina: malamin da bai yi barci ba, ba ya jure tambaya. Malaman jami'o'inmu da yawa suna koyarwa a wurare biyu ko uku don albashi ba ya isa, suna kan hanya tsakanin garuruwa, ga ɗaruruwan takardun jarrabawa, ga waya a hannu har tsakar dare. Mutumin da ke cikin wannan hali, ɗalibi na buɗe baki zai ji kamar an zage shi. Ba duka girman kai ba ne, wani gajiya ce da hawan jini.

Ahmad Baba ya bar mana bayanin yadda malaminsa Muhammadu Bagayogo, Bawangare haifaffen Jenne da ya rasu a Timbuktu a 1594, yake tafiyar da yininsa. Bayan asuba karatu har hantsi. Daga nan ya koma gida ya yi sallar walha, wani lokaci ya je wurin alƙali ya yi wa mutane ceto ko ya sasanta masu rigima. Sai karatu a gida har azahar, sai a masallaci har la'asar, sai wani wurin har faɗuwar rana, bayan magariba kuma har lisha. Yakan tsaya kan ɗalibi mai nauyin fahimta yana maimaita masa har sauran su ƙosa, shi bai ƙosa ba. Littattafansa masu tsada yakan ba da aronsu ga wanda bai ma sani ba. Ahmad Baba ya lazimce shi fiye da shekara goma, kuma cikin abin da ya karanta a gabansa har da waƙar manɗiƙin Magili, wato fannin da Suyuɗi ya haramta. Ba ina cewa malamin yau ya kwaikwayi wannan jadawali ba, mai iyali da albashin gwamnati ba zai iya ba, likita ma ba zai yarda ba. Abin ɗauka shi ne kowane ɗalibi a Timbuktu ya san inda zai sami Bagayogo a kowace sa'a. Namu kuwa sai ɗalibi ya yi wata yana leƙa ofis a kulle.

Zaman nan ya tilasta mini tsari, kuma na ji daɗinsa. Magina suna fita da sanyin safiya, rana na take tsaka kowa ya nemi inuwa. Ni ma bayan asuba nakan taka cikin kwarin nan, in dawo in yi karatu kafin in taɓa waya, in yi ƙailula bayan azahar, in kwanta da wuri. Ba wani sirri a ciki. Likitoci sun ce baligi na buƙatar barcin aƙalla awa 7, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Inda nake shan fama shi ne shayi. Abzinawa ba sa sallamar baƙo sai ya sha kofi uku, kuma sukarin da ake zubawa a butar nan, in ka gani da idonka sai gabanka ya faɗi. Hukumar ta ce kada sukarin da mutum ke sha a yini ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincinsa, kimanin giram 50, ko ƙaramin cokali 12. Zama biyu na shayi a nan ya cinye wannan kaso. Nakan karɓi na farko don mutunci, sauran in roƙi afuwa, su yi mini dariya su ce Bahaushe ya tsufa.

Abin da nake roƙon shugabannin sassa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi ba mai yawa ba ne. Kowane malami ya liƙa a ƙofarsa awa biyu a mako da za a same shi, kuma a same shin. A ƙayyade kwanakin da kundi zai yi a hannun mai dubawa, in sun wuce sashe ya tambayi dalili, ba sai ɗalibi ya kai ƙara ya jawo wa kansa ba. Sannan a ware awa ɗaya kowane mako da wani zai gabatar da aikinsa, yau ɗalibi gobe Farfesa, a kuma kafa doka cewa mafi ƙanƙanta a ɗakin shi zai fara tambaya, manya su yi magana a ƙarshe. In babba ya fara, an rufe bakin kowa, mun sani. Wannan ba ya buƙatar kuɗin asusun TETFund ko sa hannun shugaban jami'a, shugaban sashe zai iya farawa a zangon karatu mai zuwa.