Fulasma Mai 4K a Unguwar da Ake Lallaɓa Data

Da wuya a shiga falon amarya a Unguwar Gano yanzu ba a tarar da fulasma manne a bango ba, galibi ko takardar "4K" da ke kusurwarta ba a ɓanɓare ba. Tsohuwar talabijin mai doro ta koma ɗakin yara ko shagon mai gyara. An ci gaba, babu musu. Sai dai magidanta da iyayen amare da yawa suna zuba kuɗi a kan abin da ba za su mora ba.

Allon 4K yana da ɗigon hoto 3840 a kwance, 2160 a tsaye, ninki huɗu ke nan na mai 1920 da 1080. Amma allo ba ya nuna abin da ba a aiko masa ba. A lissafin kamfanin Netflix, kallon awa ɗaya a wannan mataki yana iya lashe gigabayit 7. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, gida nawa ne tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni zai iya wannan hidima kowane dare?

A duba abin da ake kallo a zahiri. Uwargida tana jiran Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in a Arewa24 ta dikoda. Maigida yana son labaran ARTV, tashar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa da sunan CTV. Samari suna bin Izzar So a YouTube, sun sauke ingancin hoton zuwa 360 don data ta kai su ƙarshen shirin, ko kuma a aiki yaro da filasha a turo masa a kasuwar waya ta Farm Centre. Hoton da aka matse haka, idan aka baza shi a allo mai inci 55, dishi-dishinsa ƙara fitowa yake yi.

Tsofaffin finafinanmu ma suna shan wahala. An ɗauki irin su Sangaya a ma'aunin 4:3, allon yau kuwa 16:9 ne, sai ka ga fuskar Ali Nuhu ta baje kamar an ja ta da hannu. Gyaran yana cikin rimot, amma ba kowane mai shago yake nuna wa mai saye ba.

Tambayar da ta kamata a fara yi a kasuwar Sabon Gari ita ce: wat nawa take ci? Gidan da ya dogara da ƙaramar sola ko inbata ya san bambancin inci 32 da inci 55 da zarar dare ya raba. Sai kariya, domin in wuta ta dawo da ƙarfi sau ɗaya tana iya ƙona kayan cikin, kuma kuɗin sitabilaiza bai kama ƙafar kuɗin gyara ba.

Cikin dabarun zamanin, masu amfani a nan su ne ramin filasha, haɗa waya da allo, da makullin da ke tsare yara daga abin da bai dace ba a YouTube. Wannan na ƙarshe ya cancanci iyaye su zauna su koya. Manhajojin cikin talabijin kuwa tsufa suke yi, bayan wasu shekaru kamfani ya daina sabunta su. Wanda ya sayi allo mai kyau mai matsakaicin girma, ya haɗa da ƙaramin akwatin Android, in akwatin ya gaza shi kaɗai zai canja, rarar kuɗin kuma ta tafi ga batir.