Gonar James Wilson ta waye?

1/ Masu yaɗa labarin James Wilson wai "baƙo ya yi zuciya ya ci nasara", ku dakata mana.

2/ Eh, ɗan Sikotilan ne. Ya iso jihar Iowa a 1855, ya yi noma a gundumar Tama, ya shiga majalisar Amurka, ya riƙe ministan gona shekara 16. Ban ƙi ba.

3/ Amma ƙasar ta su wa ce? 'Yan ƙabilar Meskwaki da aka kora daga Iowa, da suka dawo gundumar nan a 1857, sai da suka sa kuɗinsu kafin su samu eka 80 kacal.

4/ Baƙo yana majalisa tun 1873. Su kuwa masu gida ba a amince su Amurkawa ne ba sai 1924, shekara huɗu bayan ya mutu. Haba jama'a!