Hanyar Grossglockner: Mai Sauri Ya Bi ta Rami

Ranar 22 ga Satumban 1934, gwamnan jihar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, Franz Rehrl, ya kama sitiyarin wata ƙaramar mota ƙirar Steyr 100, injiniya Franz Wallack na zaune a gefensa, suka tsallake tsaunukan Hohe Tauern a kan hanyar da ko gama ta ba a yi ba. Kafin wannan rana mota ba ta taɓa ƙetare wurin ba. Ba a cika shekara ba, ranar 3 ga Agustan 1935, aka buɗe hanyar Grossglockner ga kowa, bayan shekara biyar dubban leburori na fasa dutse cikin sanyi, a lokacin da rashin aikin yi ya yi wa ƙasar katutu.

Tsawon hanyar kilomita 48 ne, daga garin Bruck a arewa zuwa ƙauyen Heiligenblut a kudu, kuma tana da kwana 36 masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Wannan adadi na 48 shi ne tarkon da baƙi ke faɗawa. Mutum zai zauna a ɗakin otel da daddare, ya duba taswirar waya, ya ga tafiyar ba ta kai awa biyu ba, sai ya ce ai da hantsi ya gama, ya ƙara wata mashigar tsauni kafin azahar, ya kwana a Italiya. Wanda ya tsara tafiyarsa haka zai biya kuɗin hanya, ya ƙona mai, ya gaji, ya koma gida bai ga komai ba sai bayan motar da ke gabansa.

Hanyar tsauni da yini ake auna ta. Mashiga ɗaya a rana ɗaya ta isa, kuma duk wanda ya san tsaunukan Alps zai faɗi haka.

Dalili na farko shi ne hanyar ta daɗe da daina zama hanyar wucewa. Tun da aka buɗe ramin Felbertauern a 1967, sannan babbar hanyar Tauern ta biyo baya a shekarun 1970, mai kaya da mai uzuri sun samu inda za su bi ta ƙarƙashin dutse ba hawa ba gangara. Abin da ya rage wa Grossglockner shi ne kallo. To mai gaggawa me ya kawo shi sama? Rami na nan a buɗe, rani da damina.

Ga wanda ya zo kallon kuwa, akwai abin gani har ido ya gaji. Ƙololuwar mashigar, wato Hochtor, tana kan mita 2,504 daga doron teku, ta ɗara Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya mai mita 2,419. Akwai wata siririyar hanya ta daɓen duwatsu da ke ratsewa zuwa Edelweissspitze, mita 2,571, inda idan gari ya washe ake hango ƙololuwa sama da talatin da kowacce ta haura mita 3,000. Wata ratsen kuma takan kai mutum Kaiser-Franz-Josefs-Höhe, mita 2,369, wurin da aka sa wa sunan sarkin da ya ziyarce shi a 1856. Daga nan ake fuskantar dutsen Grossglockner kansa, mai mita 3,798, wanda babu kamarsa a Ostiriya, da kogin ƙanƙara na Pasterze shimfiɗe a gindinsa. Waɗannan ratse biyu su ne zuciyar tafiyar, kuma su ne abin da mai sauri ke fara yankewa daga shirinsa.

A Pasterze ya kamata a tsaya a daɗe. A 1963 aka gina wani ɗan jirgi mai sauka da baƙi daga wurin kallo zuwa bakin ƙanƙarar. A lokacin, mutum na fita daga jirgin sai ya taka ƙanƙara. Yau wanda ya sauka a wannan tasha sai ya ci gaba da gangarawa da ƙafa tafiya mai nisa, yana wuce alluna da ke nuna inda ƙanƙarar take a shekaru daban-daban, kafin ya iske tafkin ruwan toka-toka da ya maye gurbinta. Mai jin labarin ɗumamar yanayi a rediyo yana iya musu. Wanda ya gangara wannan matakala ya ƙirga allunan da idonsa ba zai sake musu ba, domin gani ya kori ji. Abin ba a Ostiriya kaɗai ya tsaya ba: masanan Siwizalan sun auna cewa kogunan ƙanƙarar ƙasarsu sun rasa kusan kashi goma cikin ɗari na girmansu a shekarun 2022 da 2023 kawai. Yaron da aka kai Pasterze bana, abin da zai nuna wa nasa ɗan zai yi wuya ya kai rabin wannan.

Dalili na biyu ya shafi rai. Daga Bruck zuwa Hochtor mota na hawan sama da mita 1,700, kuma zafin iska na raguwa da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita dubu. Mutum zai bar kwari da 'yar shara yana fifita, ya iske sama ana kaɗa haƙora, wani lokacin ma dusar ƙanƙara na zuba a tsakiyar Yuli. Rigar sanyi dole ce. Hazo kan sauko farat ɗaya ya rufe hanya, hadari kuma ya fi haɗuwa da yamma, shi ya sa sammako ya fi alheri. Injin da ba shi da tobo yakan rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita dubu saboda ƙarancin iska, sai direba ya ji mota na nishi ya zaci ta lalace.

Amma hawa ba shi ne abin tsoro ba, gangara ce. Gangaren hanyar yakan kai kashi 12 cikin ɗari. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya yakan ɗora ƙafa a birki ya bar ta a can, birki ya yi ta ɗaukar zafi har man birkin ya tafasa, ya taka ya ji fayau. Maganin tsoho ne, direbobin da ke sauka daga Mambila ma sun san shi: giyar da aka hau da ita, da ita ake sauka, a bar inji ya riƙe mota, birki kuwa a riƙa taɓa shi ana saki. Mota mai canza giya da kanta ma tana da inda ake kulle ta a ƙaramar giya, sai a tambayi masu ba da haya tun kafin a karɓi makulli. Abu ɗaya da zai sauƙaƙa wa direban Najeriya ko Nijar shi ne hannun dama ake bi a can ma.

Sai batun kuɗi da dokoki, inda ƙorafi ya fi yawa. Hanyar ta biya ce, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, banda takardar da ake saya daban don hawa manyan hanyoyin Ostiriya. Ana buɗe ta ne daga farkon Mayu zuwa wajen ƙarshen Oktoba, ana kuma rufe ta da daddare. Masu ƙorafin na cewa tsauni halittar Allah ce, don me za a kafa shinge a gabansa? Tambayar ba ta banza ba ce, musamman ga mai iyali. Sai dai tsaunin Allah Ya yi shi, hanyar kuwa hannu ne ya gina ta, kuma hannu ke riƙe da ita. Duk bazara sai ma'aikata sun shafe makonni suna kwashe dusar ƙanƙarar da a wasu wurare ta fi gida tsawo, da injinan da Wallack da kansa ya ƙera a shekarun 1950, wasunsu har yau suna aiki. Sanyi na fasa kwalta, duwatsu na gangarowa, katangun gefe na buƙatar gyara. Ya fi adalci mai kallo ya biya da a ɗora wa mai biyan harajin da bai taɓa hawa ba. Rufewar dare kuma hutu ce ga namun dajin Hohe Tauern, gandun da hanyar ta ratsa, kuma kariya ce ga direban kansa.

Mutanen da ke zaune a gindin waɗannan tsaunuka sun fara gajiya da baƙin da suka mai da hanyoyinsu filin tsere. A jihar Tirol, tun 2020 aka hana baburan da ƙararsu ta wuce kima bin wasu hanyoyi a lokacin zafi. A Italiya, a 2017, an gwada rufe mashigar Sella ga motocin gida duk ranar Laraba a watannin Yuli da Agusta. Suna da gaskiya. Makiyayin da ke kai shanunsa sama duk bazara ya riga mai yawon buɗe ido zuwa wurin da ɗaruruwan shekaru.

Wanda ya ɗanɗana Grossglockner ya ji yana son ƙari, ga Stelvio a Italiya mai mita 2,757 da kwana 48 a ɓangaren arewa kaɗai, aikin injiniya Carlo Donegani tsakanin 1820 da 1825. Ga Furka a Siwizalan, inda doka ta ba mai hawa fifiko a kan mai gangara idan hanya ta tsuke. Kowacce a ware mata yininta, a kuma bar kwana ɗaya fanko a cikin shirin saboda ranar da hazo zai ƙi tashi.

Duk wanda Allah Ya nufa da wannan tafiya, ya kwana a Bruck ko Heiligenblut, ya duba sanarwar yanayi da asuba, ya cika tanki a kwari, ya isa shinge da sassafe. Idan ya kai Pasterze ya kashe mota, ya sauka da ƙafa har bakin tafkin, kuma ya tafi da yaransa.